Matt Andersen: shi kaɗai da jitarsa, ko tare da makaɗa?

Malam Habibu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A makon jiya, da muke hira a kan mawaƙan buluz, wato kiɗan nan na baƙar fatar Amurka, waɗanda ba a Amurka aka haife su ba, Hajiya Zainabu ta ambaci sunan Matt Andersen ta wuce, ni kuma ina ganin mutumin ya cancanci a buɗe masa zance shi kaɗai, domin tarihin sana'arsa yana da abin dubawa ga duk wanda ya damu da yadda mawaƙi ke gina sunansa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, ɗan ƙasar Kanada ne, daga yankin Perth-Andover a lardin New Brunswick, wani ƙaramin gari da ke bakin kogin Saint John daf da iyakar jihar Maine ta Amurka. Mutanen garin ba su kai 2,000 ba, kuma da noman dankalin Turawa aka san yankin. A shekarar 2002 ya fara fitowa tare da wata ƙungiyar makaɗa mai suna Flat Top, daga baya ya ɗauki jitarsa ya shiga rangadi shi kaɗai, yana kwana a wannan gari ya tashi a wancan, har ya zama an san shi da yin wasa kusan 200 a shekara guda. A watan Janairun 2010 ya je birnin Memphis na Amurka ya ciri tuta a gasar buluz ta duniya a rukunin masu wasa su kaɗai ko su biyu, kuma shi ne ɗan Kanada na farko da ya yi hakan. Tun daga nan ya fitar da kundayen waƙoƙi da dama, wasu a New York, wasu a Nashville, wasu a lardin Nova Scotia na Kanada inda yake zaune, kuma a hankali kiɗansa ya karkata daga buluz zalla zuwa kiɗan sol mai kayan busa da 'yan amshi.

Ga ra'ayina, kuma a kansa nake so mu tattauna. Hanya ce ta gina Andersen, wato dubban dararen da ya tsaya gaban mutane da jita guda da muryarsa, kuma har yau ban ji wani kundi nasa na sutudiyo da ya kai ƙarfin abin da yake yi idan ya zauna a kujera shi kaɗai a kan dandamali ba. Duk lokacin da aka kewaye shi da makaɗa takwas ko tara, sai in ji kamar an rage masa wani abu. Ina so in ji ko ni kaɗai ke jin haka.

Lawal:

Wa'alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara basira, amma ina ganin ka wuce maganar Memphis da sauri, alhali a nan ne komai ya sauya. Gidauniyar Blues Foundation ce ke shirya wannan gasa tun 1984, kuma ba a shigarta kai tsaye: sai wata ƙungiyar masoya buluz da ke da rajista da gidauniyar ta tura mutum, kuma shi Andersen bikin kiɗa na Harvest da ake yi a Fredericton, babban birnin lardinsu, shi ne ya tura shi. Ana kwashe darare ana fafatawa a gidajen kiɗa na titin Beale, sannan waɗanda suka tsallake su haɗu a zagayen ƙarshe, alƙalai suna duba murya da iya kaɗa kayan kiɗa da ƙirƙira da yadda mutum ke riƙe 'yan kallo. Masu shirya bukukuwa daga Amurka da Turai suna zuwa wurin musamman don neman wanda za su gayyata.

Kafin 2010 mutanen gabashin Kanada ne suka fi saninsa. Bayan 2010 ne ƙofofin bukukuwan Amurka da Faransa da sauran ƙasashen Turai suka buɗe masa, kuma bayan nan ne ya samu damar yin aiki da manyan furodusoshi. Akwai mawaƙa da yawa a Kanada da suke cin kwakwa a kan hanya shekara da shekaru ba tare da kowa ya ji ɗuriyarsu a waje ba. Da rangadi kaɗai ke ɗaga mutum, da su ma sun tashi.

Malam Habibu:

Ƙanena Lawal, ban raina gasar ba, amma ka duba wasu da suka ci ta. A shekarar da Andersen ya ci nasa rukunin, Grady Champion ɗan Mississippi ne ya ci rukunin ƙungiyoyi. A 2014 Tim Williams na birnin Calgary ya ci rukunin da Andersen ya ci, a 2017 kuma Dawn Tyler Watson ta Montreal ta ci na ƙungiyoyi. Dukansu gwanaye ne, kuma kowannensu ya amfana, sai dai gasar ba ta ba kowa abu iri ɗaya ba, domin abin da take yi shi ne ta tsayar da kai gaban mai shirya biki sau ɗaya. Ko zai sake kiranka baɗi, wannan ya rataya a kan abin da ka yi wa jama'arsa a daren farko.

Lokacin da Andersen ya isa Memphis, ya riga ya kwashe shekara takwas yana koyon yadda ake sa ɗaki mai hayaniya ya yi tsit. Ya riga ya je Ingila ya ɗauki kundin Something in Between na 2008 tare da makaɗan da suka taɓa yi wa shahararren makaɗin jita Eric Clapton aiki, ya kuma yi kundin Piggyback na 2009 da Mike Stevens mai busa harmonika. Alƙalai sun ga mutumin da ya nuna tun kafin ya zo, kuma masu bukukuwa sun ci gaba da kiransa saboda abin da suka gani da idonsu.

Hajiya Zainabu:

Malam Habibu, na gode da ka buɗe wannan zance. Da yake a Nova Scotia nake zaune, na samu ganin Andersen yana wasa shi kaɗai, kuma zan fara da tabbatar da abin da ka faɗa kafin in saɓa maka. Mutum ne mai girman jiki da dogon gashi, a zaune yake wasa, kuma yana dukan jitar da ƙarfin da har za ka ji tsoron tsirkiya za ta tsinke, sannan nan take ya sassauta har sai ka karkata kunne kafin ka ji. Wani lokaci yakan ja baya daga makirufo ya saki murya haka nan, kuma na can baya suna jinsa sarai. Abin da ya fi kama da shi a wurina shi ne marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, mutum ɗaya da kayan kiɗa ɗaya yana riƙe taro, yana waƙar masu neman abinci da guminsu.

Inda na rabu da kai shi ne cewa babu kundin sutudiyo da ya kai wannan. Ka koma ka saurari Coal Mining Blues na 2011. An ɗauke shi a sutudiyon Levon Helm, mai gangar ƙungiyar The Band, da ke Woodstock a jihar New York, shekara guda kafin rasuwar Helm a 2012, kuma Colin Linden ne furodusa, mutumin Toronto wanda tun yana ɗan shekara 11 ya haɗu da babban mawaƙin buluz Howlin' Wolf ya kama hanyar buluz. Garth Hudson, shi ma ɗan The Band, ya yi kiɗa a ciki, Amy Helm 'yar Levon ta yi amshi. Wanda ya san ƙungiyar The Band ya san cewa 'yan Kanada huɗu ne da Ba'amurke ɗaya daga Arkansas, wato Helm, saboda haka kai mawaƙin New Brunswick wannan ɗaki abu ne da aka yi da tunani.

Amma abin da ya fi muhimmanci a wannan kundi shi ne rubutun waƙa. Andersen ya zauna a tsibirin Cape Breton da ke nan Nova Scotia na wani lokaci, inda aka kwashe fiye da ƙarni ana haƙar kwal, wasu ramukan ma suna kutsawa kilomitoci a ƙarƙashin teku. A 2001 aka rufe ramin Prince, na ƙarshe a cikin ramukan da kamfanin gwamnati ke gudanarwa, kuma a wannan shekarar ce masana'antar ƙarfe ta garin Sydney da ke tsibirin ita ma ta tsaya. Har yau garuruwan masu haƙar kwal na lardin suna tunawa da ranar 11 ga Yuni, ranar da aka harbe wani mai haƙar kwal, William Davis, a yajin aikin 1925 a New Waterford, kuma mutane ba su manta da fashewar ramin Westray a watan Mayun 1992 ba, inda ma'aikata 26 suka mutu. Idan ya rera waƙar mai haƙar kwal a wannan lardi, a cikin masu sauraro akwai waɗanda kakanninsu da iyayensu suka shiga waɗannan ramuka, wasu suka fito da ciwon huhu, wasu ba su fito ba.

Wannan waƙa piyano da busa ne suka ɗauke ta a kundin, a hankali, ba tare da dukan jita mai ƙarfi ba. A kan dandamali mutane sukan tafa wa hannunsa da ƙarfin muryarsa, har wani lokaci baitin ya wuce ba a kula ba. A sutudiyo ne na fara jin abin da yake faɗa.

Baba Ado:

Sannunku da ƙoƙari, 'ya'yana. Ni tsohon mai sauraron rediyo ne, tun zamanin da muke jin B.B. King da Otis Redding a faifan garmaho, kuma akwai abin da ke damuna wanda ba wanda ya taɓo. Buluz kiɗan baƙar fatar kudancin ƙasar Amurka ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, waɗanda suka yi noman auduga a Mississippi cikin wulakanci da wariya. Kiɗan sol kuma daga cocinsu ya fito, ya bi ta kamfanoni irin su Stax na Memphis da Motown na Detroit. Da yawa daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wannan kiɗa sun mutu ba su da komai, wasu ma sai da aka yi karo-karo kafin a sa alama a kabarinsu.

To yau ga Bature daga ƙauyen dankali a Kanada ya je Memphis, a titin Beale da kansa, ya karɓi kambu. Ban ce bai iya ba, na saurare shi kuma muryar Allah ya ba shi. Tambayata ita ce, shin yana sane da bashin da ke kansa? Kuma shin a cikin Kanada kanta, baƙar fatar da ke wannan kiɗa suna samun irin ƙofofin da aka buɗe masa? Akwai Harrison Kennedy na birnin Hamilton, wanda ya yi waƙa a ƙungiyar Chairmen of the Board a Detroit tun farkon shekarun 1970, amma sai a 2016, yana da shekara fiye da 70, ya karɓi Juno, babbar lambar yabon kiɗa ta Kanada, ta kundin buluz. Ina so a dubi wannan da idon basira, kada daɗin murya ya rufe mana ido.

Hajiya Zainabu:

Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarka tana da nauyi, kuma a nan Nova Scotia ta fi nauyi, domin lardin yana da tsohuwar al'ummar baƙar fata wadda mutane da yawa a waje ba su san da ita ba. Tun 1783 baƙaƙen da suka goyi bayan Ingila a yaƙin neman 'yancin Amurka suka sauka a nan, aka ba su ƙasa mai duwatsu wadda ba ta noma, har wasunsu fiye da 1,000 suka tashi a 1792 suka tafi Saliyo suka kafa Freetown. A shekarun 1960 hukumar birnin Halifax ta rushe unguwar Africville ta tarwatsa mutanenta, kuma sai a 2010 birnin ya nemi gafara. Saboda haka mutumin da ke rera buluz da sol a wannan lardi ba zai ce tarihin yana can nesa a Mississippi ba.

Abin da zan iya shaida shi ne abin da ke fili. A ƙungiyar da ya kafa wadda ya fitar da kundin The Big Bottle of Joy da ita a 2023, akwai mawaƙa uku 'yan gidan Smith, Reeny da Haliey da Micah, daga zuriyar North Preston, al'ummar baƙar fata mafi girma a lardin, kuma a coci suka koyi waƙa. A wasannin ƙungiyar ba a baya ake ɓoye su ba, ana ba su fili su ja waƙa, yana kuma kiran sunayensu. A kundin Halfway Home by Morning na 2019, wanda Steve Dawson ya tsara a Nashville, 'yan'uwan nan mata na gidan McCrary ne suka yi amshi, 'ya'yan wani jigo na ƙungiyar waƙoƙin coci ta Fairfield Four.

Wannan bai biya bashin da kake magana a kai ba, Baba, domin bashin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma maganarka a kan waɗanda ƙofa ke yi wa wuyar buɗewa tana nan daram. Amma ita ce hujjata a kan Malam Habibu. Idan Andersen ya tsaya shi kaɗai da jita, sunansa kaɗai ake ji, kuɗin ma aljihunsa kaɗai suke shiga. Idan ya ɗauki mutum takwas ya zagaya da su manyan zaurukan Kanada, ya raba dandamalin da waɗanda kiɗan sol gadonsu ne.

Maryama:

Ina gaishe da manya. Ni sabuwa ce a wannan fanni, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Na taɓa jin cewa a Kanada doka ta tilasta wa gidajen rediyo sa waƙoƙin 'yan ƙasa. In haka ne, me ya sa mawaƙi kamar wannan sai ya yi wasa 200 a shekara kafin ya rayu? Ashe rediyo ba za ta ɗauke masa wannan wahala ba?

Malam Habibu:

Malama Maryama, abin da kika ji gaskiya ne. Tun 1971 hukumar da ke kula da rediyo da talabijin ta Kanada ta sa doka cewa wani kaso na waƙoƙin da ake sawa ya zama na 'yan ƙasa. An fara da kashi 30 cikin 100, daga baya aka ɗaga zuwa 35, kuma lambar yabo ta Juno ma sunan Pierre Juneau ta ci, shugaban hukumar na farko. Akwai kuma gidauniyar FACTOR da aka kafa a 1982, wadda ke tallafa wa mawaƙa da kuɗin ɗaukar faifai da na rangadi. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Dokar ta ce a sa waƙar ɗan Kanada, ba ta ce a sa buluz ba, kuma gidan rediyon kasuwa zai cika kasonsa da mawaƙan zamani waɗanda matasa ke so. Mai buluz sai dai ya dogara ga gidan rediyon gwamnati na CBC, da ƙananan tashoshin jami'o'i da na unguwanni. Andersen ya ci moriyar CBC ƙwarai, musamman da ya bi marigayi Stuart McLean rangadin shirinsa na Vinyl Cafe, inda iyalai da ba su taɓa shiga gidan buluz ba suka gan shi.

Sannan ki dubi ƙasar kanta. Mutanen Kanada sun kai miliyan 40 ne a 2023, a warwatse a ƙasa ta biyu mafi faɗi a duniya, kuma daga Halifax zuwa Vancouver tafiyar kusan kilomita 6,000 ce a mota, rabin shekara kuma cikin ƙanƙara. Idan mawaƙi yana so ya tsallaka Amurka ya yi wasa, sai ya nemi takardar izinin aiki ya biya kuɗi ya jira. Kowane makaɗi da ka ƙara a mota, ka ƙara ɗakin otal da abinci da albashi. Shi ya sa tafiya shi kaɗai ta zame wa Andersen hanyar rayuwa tun farko, kuma wannan larura ce ta ƙera salonsa: da yake babu mai ganga, sai hannunsa na dama ya zama ganga, da yake babu mai busa, sai muryarsa ta cike gurbin. Kafin shi akwai Dutch Mason na Nova Scotia, wanda ake yi wa laƙabi da Firayim Ministan Buluz, ya kwashe rayuwarsa a kan waɗannan hanyoyi har ya rasu a 2006.

Hajiya, na karɓi maganarki a kan Coal Mining Blues, domin Linden ya bar wa muryar fili. Damuwata tana kan abin da ya biyo baya.

Lawal:

To Malam, bari mu zo kan abin da ya biyo bayan. A 2014 ya koma kamfanin True North, wanda Bernie Finkelstein ya kafa a Toronto a 1969, ya fitar da Weightless, kuma Steve Berlin na ƙungiyar Los Lobos ne ya tsara shi. A wannan kundi ya zauna da marubuta waƙa na yankinsa irin su Joel Plaskett da David Myles da Dave Gunning suka yi rubutu tare, kuma kundin ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don lambar Juno. A ciki akwai waƙar Alberta Gold, a kan mazajen gabashin Kanada da ke barin iyalansu su tafi ci-rani rijiyoyin mai na Alberta, abin da kusan kowane gida a Cape Breton ya sani tun bayan rufe ramukan kwal. Ka ga ci gaban labarin da Hajiya ta fara ke nan, an rufe rami a gabas, magidanci ya hau jirgi zuwa Fort McMurray, garin haƙar mai na Alberta.

Na san kundin da ya fi ɓata maka rai shi ne Honest Man na 2016, wanda ya yi da Commissioner Gordon a New York, mutumin da ya yi aiki da Lauryn Hill da Amy Winehouse, inda aka gina wasu waƙoƙin a kan bugun ganga na na'ura. Ni ma ba duka waƙoƙin ciki nake so ba, akwai inda bugun ya ɗaure shi, ya hana shi ja da saki irin yadda ya saba. Amma ina girmama shi da ya gwada. Mutumin da ya ci gasa da jita guda, aka yi ta ba shi lambobin Maple Blues a gida da lambar yabo ta buluz ta Turai a 2013 da 2016, zai iya zama a inuwar nan har tsufa yana maimaita abu ɗaya, kuma ba wanda zai zarge shi. Muryarsa tun asali muryar sol ce, mai son amshi da kayan busa a bayanta, talauci da nisan hanya ne suka hana ta samunsu da wuri.

Baba Ado:

Hajiya Zainabu, na gode da bayanin North Preston, ya rage mini wani abu a zuciya, ko da yake bai kawar da shi duka ba. Lawal kuma ya faɗi abin da ya tuna mini da wani abu. Waƙar da ta fi yaɗa sunan Andersen a YouTube ba tasa ba ce, ta Bill Withers ce, Ain't No Sunshine, wadda ta fito a 1971 kuma Booker T. Jones na Stax ya tsara. Shi Withers a Slab Fork aka haife shi, wani ƙauyen masu haƙar kwal a jihar West Virginia, mahaifinsa ma mai haƙar kwal ne, kuma sai da ya haura shekara 30, bayan aikin sojan ruwa da aikin masana'anta, sannan ya fitar da kundinsa na farko. Jita ce a hannunsa, waƙoƙinsa gajeru ne, kalmominsa na talaka ne.

Idan Andersen wannan tafarki yake bi, to rabuwar da kuke yi tsakanin buluz da sol ba ta da yawa, domin Withers ya nuna cewa ana yin sol da jita guda. Abin da nake so daga gare shi shi ne duk inda ya rera waƙar, ya faɗi sunan mai ita, don yaran da ke zaune a zauren su koma su nemi asalin.

Malam Habibu:

Baba, ka kawo abin da ya taimake ni. Hujjata ta ƙarshe ita ce House to House na 2022, wanda ya ɗauka a gida Nova Scotia lokacin da annobar korona ta rufe zaurukan wasa, ta zaunar da mutumin da ya saba kwana a hanya. Kusan duk kundin murya ce da jita, a natse, babu dukan da ke sa a yi tafi. A nan ne aka ji rubutun waƙar da Hajiya ke nema ba tare da an tara makaɗa ba, kuma a nan ne na ji shekarunsa na rangadi sun zauna a cikin muryar. Da za a ce in ba Malama Maryama kundi ɗaya ta fara da shi, wannan zan ba ta.

Hajiya Zainabu:

Malam, ko a wannan kundin da ka zaɓa bai iya zama shi kaɗai har ƙarshe ba. Da ya zo rera People Get Ready ta Curtis Mayfield, waƙar da ta fito a 1965 a tsakiyar gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata a Amurka, 'yan gidan Smith ya kira suka yi masa amshi, kuma shekara guda bayan nan ya fito da su cikin cikakkiyar ƙungiya. Malama Maryama, ki saurari wanda Malam ya ce, sannan ki bi shi da na 2023 a rana ɗaya, ki dawo ki gaya mana a wanne kika fi jin mutumin.

Maryama:

Na gode ƙwarai, Hajiya, na gode Malam. Zan saurari duka biyun, amma da na masu haƙar kwal zan fara, domin ina so in ji yadda ya ɗauki labarin Cape Breton kafin in shiga gardamar jita da makaɗa.